Karatu Da Tarbiyya: Wanne Ke Gaba A Azuzuwan Farko?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali da magana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da komowa tsakanin iyaye da malaman makaranta da masu tsara manhajar karatu, watau mene ne hakkin yaro ɗan shekara shida zuwa tara a kan makarantarsa? Shin aikin makarantar firamare a azuzuwan farko shi ne ta tabbata yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi gwargwadon mizanin da hukuma ta ajiye wa kowane aji, ko kuwa wajibi ne ta haɗa masa da dabarun zaman duniya, irin su haƙuri, da riƙon amana, da tsabta, da jiran layi, da iya magana a gaban mutane, da sasanta rigima ba tare da dambe ba? In kuwa duka biyun ake bukata, to, ta yaya za a haɗa su ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba? Tambayar tana da nauyi, domin shekarun nan uku ko huɗu ba su dawowa, kuma duk abin da aka yi sakaci da shi a cikinsu, da wuya a gyara shi daga baya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutane sun kasu kashi biyu a kan wannan magana, kuma kowane kashi yana da hujjar da ba ta rainuwa.

Kashi na farko suna cewa taura biyu ba ta taunuwa. A ganinsu tarbiyya aikin gida ne da masallaci, ita kuwa makaranta an gina ta ne domin abin da gida ba zai iya ba, watau koyar da baƙi da ƙidaya. Suna kafa hujja da rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekarar 2022, inda aka ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimci ma'anarsa, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 89. To, in ji su, makarantar da ta kasa sauke nauyin da yake nata na asali, ina dalilin ɗora mata wani? Suna kuma tsoron kada kyawawan sunaye irin su "gina hali" su zama mafakar malamin da bai koyar da kome ba, domin karatu ana iya gwada shi a gane ko an koyar, amma hali kowa yana iya da'awar ya gina.

Kashi na biyu suna cewa ilmin da ba tarbiyya takobi ne a hannun mahaukaci. Suna nuni da cewa waɗanda ke sauya alƙaluman kuɗi a ofisoshi, da masu sayar da takardun jarrabawa, da masu ha'inci a kwangila, duk sun iya karatu da lissafi, hasali ma da ƙwarewarsu a lissafin suke yin ɓarnar. Suna ƙarawa da cewa yaro yana shafe sa'o'i biyar ko shida na mafi kyawun yininsa a makaranta, saboda haka ko makaranta ta so ko ta ƙi tana gina masa hali. Abin da ya rage kawai shi ne ko mai kyau take ginawa ko mummuna.

Wanda ya dubi takardun hukuma zai ga cewa Nijeriya ba ta taɓa zaɓen ɗaya ta bar ɗaya ba. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, sa'an nan manufar ilmi ta ƙasa wadda ta fito a 1977 ta jera manufofin firamare, a cikinsu har da iya karatu da lissafi mai ɗorewa, da gyaran hali, da koyon aikin hannu. Shirin ilmin bai-ɗaya na shekara tara, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, shi ma a kan wannan turba ya tafi. Sai dai hanyar da aka fi bi wajen cika wannan buri ita ce ƙara darussa. In an ga tarbiyya ta yi rauni sai a ƙirƙiro mata darasi, in an ga tsaro ya taɓarɓare sai a ƙirƙiro darasin tsaro, har jakar yaro ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Da nauyin ya yi yawa, manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 ta cure darussa da dama wuri guda, ciki har da sanya darasin addini a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ilmin zamantakewa da na zama ɗan ƙasa da na tsaro, abin da ya jawo ƙorafin Musulmi da Kirista, har a 2017 aka ba da umurnin a mayar da darussan addini su tsaya da ƙafarsu. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sake sanar da rage yawan darussa, inda 'yan aji ɗaya zuwa uku za su ɗauki tara zuwa goma. Wannan ƙari da ragi na kusan shekara hamsin yana nuna cewa matsalar ba ta yawan darussa ba ce kaɗai. Akwai kuskure a cikin zaton cewa hali wani fanni ne da ake ware masa minti talatin a jadawali, a rubuta shi a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa.

Malaman Musulunci na farko sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa, a ƙarƙashin kalmomi biyu, ilmi da ladabi. Sanannen labari ne cewa mahaifiyar Imamu Malik, lokacin da ta shirya shi zuwa majalisin malaminsa Rabi'a a Madina, ta yi masa wasiyya da ya koyi ladabin malamin kafin ilminsa. Abin lura a nan shi ne ba ta tura shi wurin malamai biyu ba, ɗaya na ladabi ɗaya na ilmi. Malami guda ne, majalisi guda, kuma a cikin zaman karatun ne ake ɗaukar ladabin, daga yadda malami ke zama, da yadda yake sauraron tambaya, da yadda yake cewa bai sani ba in bai sani ba. Haka nan Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, a littafinsa na ladubban masu koyarwa, ya wajabta wa malamin yara ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya kuma ƙayyade horo. Watau tun farko an fahimci cewa adalcin malami a cikin aji shi ne darasin adalci na farko da yaro zai karanta.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya zurfafa fiye da haka a cikin Muƙaddimarsa. Ya kwatanta yadda ƙasashen Musulmi ke koyar da yara a zamaninsa: mutanen Magrib suna tsayawa a kan Alƙur'ani da ƙa'idar rubutunsa kaɗai, sai yaransu suka fi kowa kiyaye shi amma harshensu ya gaza wajen bayani, su kuwa mutanen Andalus suna haɗawa da waƙa da insha'i da nahawu da kyautata rubutu, sai yaransu suka fito da fasahar harshe. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsanantawa da duka suna koya wa yaro kasala da ƙarya da yaudara, domin yaron da ke tsoron bulala yakan saba da bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Amma maganarsa da ta fi dacewa da wannan bahasi ita ce wadda ya yi a babin lissafi, inda ya kawo cewa wanda ya fara da koyon lissafi tun yana ƙarami galibi gaskiya takan zama ɗabi'arsa, saboda lissafi yana da tushe ingantacce, kuma yana tilasta wa mai yinsa ya riƙa tuhumar kansa. Ma'ana, shi kansa darasin, in an koyar da shi yadda ya kamata, yana sassaƙa hali. Yaron da ya saba da cewa bakwai da biyar sha biyu ne, ko ransa ya so ko bai so ba, ko ɗan sarki ne ko ɗan talaka, ya fara sanin cewa akwai gaskiyar da ba ta bin son zuciya.

Wannan fahimta tana da asali a cikin Alƙur'ani mai girma. Ayar da ta fi kowace tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi, da adalcin marubuci, da kafa shaidu, ga rubutu ga ƙidaya ga amana a wuri ɗaya. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narko a kan masu tauye mudu, alhali kuwa ba mai cika awo sai wanda ya san awo. Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi. Wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa ta haɗa tauhidi da salla da haƙuri, har da yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya. A cikin Sunna kuma, bayan yaƙin Badar a shekara ta biyu ta Hijira, an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar waɗansu fursunoni, kowane ɗaya yara goma, abin da ke nuna darajar baƙi. Shi kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa yaro Umaru ɗan Abu Salama ladabin cin abinci a daidai lokacin da suke gaban akushi, hannun yaron yana yawo a cikinsa. A wurin da abin ya faru aka yi gyaran, cikin taushin murya, kuma Umaru ya ba da labari cewa bai sake barin wannan ladabi ba.

Binciken masana na wannan zamani bai saɓa wa wannan ba. A garin Ypsilanti na Jihar Michigan a Amurka, daga shekarar 1962, an ɗauki yara 123 'ya'yan matalauta, 'yan shekara uku zuwa huɗu, aka sa 58 a wani shiri na musamman a makarantar Perry, aka bar 65 domin kwatantawa. A cikin shirin ana sa yaro ya faɗi abin da zai yi, ya yi shi, sa'an nan ya dawo ya ba da bayanin yadda ta kaya. Fifikon da yaran shirin suka samu a gwajin kaifin basira ya dushe bayan 'yan shekaru, har waɗansu suka ɗauka an yi asarar kuɗi. Amma da aka ci gaba da bin rayuwarsu har suka kai shekara 40, sai aka tarar sun fi takwarorinsu kammala sakandare da samun aiki, sun kuma fi su kauce wa hannun hukuma. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya sami lambar Nobel a 2000, ya nuna cewa babban dalilin wannan bambanci shi ne gyaruwar ɗabi'a, irin su kame kai da rage faɗa. A ƙasar Japan kuwa, 'yan firamare su ne ke share azuzuwansu kullum, su raba wa junansu abincin rana, su yi taron aji domin warware matsalolinsu, kuma ana karɓa-karɓar shugabancin aji, duk da haka ƙasar tana sahun gaba a gwaje-gwajen lissafi da kimiyya na duniya. Masar ta ga amfanin wannan tsari, ta ƙulla yarjejeniya da Japan a 2016, ta buɗe makarantu masu bin sa a 2018.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan hanya ba ce. A makarantar allo yaro yana tafiya daga babbaƙu zuwa farfaru bisa mizani mai tsanani, ba a wanke masa allo sai ya biya daidai, kuma a cikin wannan tafiya yake koyon feƙe alƙalami, da haɗa tawada, da kula da allonsa, da durƙusawa gaban malami, da biya wa na ƙasa da shi. Aibin da ya shiga tsarin, na barin ƙananan yara suna yawon bara ba mai kula da cinsu da lafiyarsu, abin gyara ne na gaggawa, amma bai soke hikimar haɗa karatu da hidima ba. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, da aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, ita ma tana da sashen sana'o'in hannu. Dattawan yau suna tune da gonar makaranta da darasin aikin hannu, inda yaro ke tufka igiya ko saƙa faifai da kansa. Abin takaici, a makarantu da yawa darasin ya rikiɗe ya koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa, ko ya kawo kuɗi, a ba shi maki. Yaron da aka yi wa haka an koya masa darasi mai shiga jiki, cewa ana sayen sakamako, kuma babu wa'azin da zai goge wannan daga zuciyarsa cikin sauƙi.

Daga abin da ya gabata amsar tambayar ta fito. Kashi na farko sun yi gaskiya cewa karatu da lissafi ba abin sassautawa ba ne. Yaron da ya gama aji uku bai iya karanta layi ba an zalunce shi, kome yawan ladabinsa, domin an rufe masa ƙofar sauran ilmi, an kuma bar shi a hannun duk wanda zai karanta masa takarda ko ya lissafa masa kuɗi. Kashi na biyu su ma sun yi gaskiya cewa makaranta ba ta iya wanke hannunta daga tarbiyya. Inda aka yi kuskure shi ne ɗaukar abubuwan biyu tamkar kishiyoyi masu rabon kwana. Dabarun zaman duniya a azuzuwan farko wurinsu yana cikin yadda ake koyar da karatun da lissafin, da yadda ake tafiyar da yinin makaranta tun daga taron safe har tashi.

Misali zai ƙara haske. Malamar aji biyu da ke koyar da tarawa da ɗebewa tana iya kafa ɗan kanti a kusurwar aji, da gwangwanaye da marafan kwalba a madadin kuɗi, wani yaro ya sayar wani ya saya, a ƙirga canji a gaban kowa. Lissafin da manhaja ta nema an yi shi cif, kuma a cikinsa an koyi jiran layi, da sallama, da mayar da rarar canji ga mai ita. Malamin da ke koyar da awo yana iya kawo mudu da gero, ya sa yara su auna, su ga bambancin cikakken mudu da tauyayye da idonsu. A darasin karatu, bayan an karanta labari, yana iya tambayar yara wa ya faɗi wannan magana, kuma ta yaya ya sani, sai ga tushen tantance labari an dasa, abin da manya da yawa suka rasa a wannan zamani na wayar hannu. In aka haɗa yara biyu, mai ƙoƙari da mai rauni, suna karanta wa juna, mai raunin zai ƙaru da karatu, mai ƙoƙarin ya ƙaru da haƙuri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon littafi ko ƙarin lokaci a jadawali. Wasa ma yana da gurbinsa, domin Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, in ba haka ba zuciyarsa za ta mutu, basirarsa ta dushe, har ya shiga neman dabarar guje wa karatun baki ɗaya.

Saura mas'ala mai wuya, ita ce ta ba da maki. Katin sakamako na makarantu da yawa yana da gurbin da malami ke auna gaskiya da ladabi da tsabtar yaro da lambobi. Karatu da lissafi lalle a auna su, a kuma gaya wa iyaye gaskiyar inda ɗansu ya tsaya. Abubuwan zahiri kamar zuwa a kan lokaci da tsabtar jiki su ma ana iya lura da su a rubuta. Amma gaskiya da amana da tausayi ayyukan zuciya ne, kuma ranar da yaro ya gane cewa ana ba da maki a kansu, akwai tsoron ya koyi nuna su a gaban malami ya ajiye su a bayan idonsa, wannan kuwa shi ne ƙofar riya. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya rubuta abin da ya gani da kalmomi, kamar cewa yaro ya fara jiran a ba shi dama kafin ya yi magana, ko har yanzu yana saurin kai hannu, domin iyaye su san inda za su taimaka. Lamba ba ta gaya wa uba abin da zai yi, amma bayani yana gaya masa.

Dukkan wannan ya rataya ne a wuyan malami, shi kuwa malami mutum ne mai iyaka. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali kuwa a garuruwa da yawa ana samun aji mai ninki biyu ko uku na wannan adadi, yara a zaune a ƙasa. Malamin da ke gaban irin wannan taro, wanda kuma albashinsa ke makara, da ƙyar yake sanin sunayen yaran, balle halin kowannensu, sai ya koma ga bulala da haddar baki ɗaya, abubuwa biyun da ke kashe karatu da tarbiyya tare. Saboda haka duk hukumar da ke son a haɗa ilmi da hali, to, ta fara da gina azuzuwa, da horar da malamai, da biyansu hakkinsu a kan kari, ta kuma sa ƙwararrun malamanta a aji ɗaya zuwa uku, maimakon al'adar tura sabon shiga ko mafi rauni can.

Iyaye su ma ba su kuɓuta ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke aika ɗansa ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, alhali yana ɗaka, ya rushe abin da malami ya gina a mako guda. Uban da ke zuwa makaranta ya roƙi a ƙara wa ɗansa maki, ko a ciyar da shi gaba bai cancanta ba, ya cuci ɗan ta fuska biyu, ya hana shi karatun, ya kuma nuna masa cewa mizani abin lanƙwasawa ne. Ya kamata tambayar da uba zai yi wa ɗansa da yamma ta wuce ta nawa ya zo a aji. Ya sa shi ya karanta masa layi biyu, ya ba shi kuɗin cefane ya ƙirga canji, ya tambaye shi da wa ya yi faɗa yau kuma yaya suka ƙare. Minti goma na irin wannan zama a kullum ya fi tarin littattafan da ba a buɗewa.

Yaro amana ne a hannun iyayensa da malamansa da shugabanninsa, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya ba su ilmi mai amfani da kyawawan ɗabi'u, Ya saka wa malamai da alheri, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.